Dakta James Simpson, Ɗan Mai Burodin Da Ya Sauƙaƙa Wa Mata Naƙuda

Edita ya matsa mini in rubuta wa wannan mujalla tamu tarihin wani babban mutum daga cikin waɗanda suka shuɗe. Da fari na yi niyyar in ɗauko wani sarki ko wani mayaƙi, kamar yadda aka saba. Amma da na sake tunani sai na tuna akwai wani mutum wanda gidanmu ke ɗauke da bashinsa, ko da yake bai taɓa taka ƙasarmu ba, bai kuwa san da mu ba. Sunansa Dakta James Young Simpson, mutumin ƙasar Sikotilan. Kafin in shiga labarinsa, bari in gaya muku yadda aka yi na san shi.

Ni a Anacha aka haife ni, a unguwar Hausawa. Fatauci ya kai mahaifinmu can, yana saukowa da albasa da wake, yana hawa da manja. Duk wanda ya zauna a unguwannin Hausawa na Anacha ko Inugu ko Fatakwal ya san yadda zaman yake. Dangi suna nesa, maza kullum suna bisa hanya, mata kuwa suna cikin gida, da yawansu ba su jin harshen Ibo, ba su jin Turanci.

Ƙanwata a Inugu aka aurar da ita. Bisa al'ada cikin fari gida ake zuwa goyonsa, amma mahaifiyarmu ta riga ta rasu, saboda haka sai ta zauna ɗakinta. Naƙuda ta kama ta wata Laraba da dare, mijinta kuwa ya raka motar kaya Fatakwal. Don kunya ba ta gaya wa kowa ba sai da gari ya waye. Aka kira ungozoma, aka ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, aka yi ta jira. Ni ban iso ba sai ran Jumma'a da la'asar, na tarar ko magana ba ta iya yi. Muka ɗauke ta sai asibiti. Likita ya duba, ya ce ƙugunta ya yi wa kan yaron kaɗan, babu yadda zai fito sai an yi mata fiɗa, ya miƙo mini takarda in sa hannu.

To, a nan ne na yi abin da har gobe yake cina. Ni da nake malamin makaranta, na riƙe takardar nan wajen sa'a uku. Ina jiran mijinta, ina kuma sauraren tsofaffin da suka rako mu, masu cewa wadda aka sa wa maganin barci ba ta farkawa, wadda aka tsaga kuwa ba ta cika mace ba. Ko da na sa hannu, yaron ya riga ya koma. Ita dai Allah Ya yi da sauran kwananta. Bayan shekara biyu, sun koma Fatakwal da zama, ta sake samun ciki, ta riƙa zuwa awo, aka sa mata rana tun kafin naƙuda ta zo. Aka yi mata allura a gadon baya, aka fitar da yarinya tana kallon rufin ɗaki, da kunnenta ta ji kukan 'yarta. Tun daga ran nan na ƙudura sai na san wanda ya fara buɗe wannan ƙofa. Binciken da na yi shi ya kai ni ga Simpson.

Asalinsa da karatunsa

An haifi James Simpson ran 7 ga watan Yuni, 1811, a wani ƙaramin gari wai shi Bathgate, tsakanin Edinbara da Gilasgo. Ubansa mai gasa burodi ne, shi ne kuwa autan gidan. Yana da shekara 9 uwarsa ta rasu, sai yayarsa Mary ta ci gaba da riƙonsa. Da 'yan'uwansa suka ga yana da kai, sai suka haɗa ƙarfi suka yarda su tsaya a gidan burodi, shi ya tafi neman ilmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Simpson bai manta da wannan alheri ba har ya mutu.

A 1825, yana ɗan shekara 14, ya shiga Jami'ar Edinbara. Bayan shekara biyu ya juya wajen koyon likita. A zamanin nan kuwa babu maganin kashe zafi sai giya da ƙwayar afiyun, su ma ba su hana komi. In za a yanke wa mutum ƙafa, ƙarfafa ne za su danne shi, likita ya yi sauri iyakar iyawarsa, mai ciwo yana kururuwa. Masu tarihinsa sun ce wata rana ya ga shahararren mai fiɗa Robert Liston yana yanke wa wata mace nono saboda ciwon daji, ita kuwa idonta biyu. Abin ya gigita yaron, har ya fita ya nufi wajen lauyoyi neman aikin akawu. Daga baya ya dawo, amma abin da ya gani bai bar zuciyarsa ba.

A 1830 ubansa ya rasu ana gab da jarrabawa, duk da haka ya zauna ya ci. Ya nemi aikin likitan wani ƙauye wai shi Inverkip, aka hana shi. Wani hani ga Allah baiwa ne, gama da ya samu da watakila a ƙauyen zai ƙare ba wanda ya ji sunansa. Ya koma Edinbara ya sami babbar takardar likita a 1832, sa'an nan ya maida hankalinsa ga ilmin haihuwa, wanda manyan likitocin lokacin suke rainawa, suna ganin aikin tsofaffin mata ne.

A 1839 kujerar shehun malamin ilmin haihuwa ta Jami'ar ta zama babu kowa. Majalisar gari ce ke zaɓe. Masu ƙinsa suka ce yaro ne, ɗan mai burodi ne, ga shi kuma gwauro, bai kamata a bar shi yana duba matan mutane ba. Ƙuruciya da asali ba shi da yadda zai yi da su, amma gwauranci yana da magani, sai ya auri Jessie Grindlay, 'yar Libaful, a watan Disamba na shekarar. A watan Fabrairu, 1840, aka jefa ƙuri'a, ya rinjayi abokin takararsa da ƙuri'a ɗaya tak. Shekarunsa 28 a lokacin.

Daren da likitoci uku suka faɗi ƙarƙashin tebur

Ran 16 ga watan Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani mutum tururin wani ruwa da ake kira eta, mutumin ya yi barci, aka yanke masa ƙari a wuya bai ji ba. Labari ya haye teku. Ran 21 ga Disamba Liston ya yanke wa wani ƙafa a Landan da wannan ruwa. Masu fiɗa suka yi murna, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin gwada shi ga mai naƙuda, don ana tsoron in uwa ta yi barci mahaifa ma za ta daina aiki, ko yaro ya mutu.

Simpson ne ya fara. Ran 19 ga watan Janairu, 1847, aka kira shi wurin wata mace mai ƙuntataccen ƙugu, irin lalurar ƙanwata. Ya shaƙa mata eta, ya sa hannu ya juya yaron ya jawo shi. Yaron bai rayu ba, amma uwar ta tashi lafiya ba ta san abin da aka yi ba. Babban abin da ya lura da shi kuwa shi ne, mahaifa ta ci gaba da matsawa ko da matar tana barci. Watau ashe turawar mahaifa daban, jin zafinta daban, ana iya ɗauke ɗaya a bar ɗaya.

Amma eta yana da aibu. Warinsa ba daɗi, yana sa tari da amai, ana bukatarsa da yawa, ga shi kuma da saurin kama wuta, alhali a lokacin da kyandir da wutar murhu ake karɓar haihuwa. Saboda haka Simpson ya shiga neman wanda ya fi shi. Kowane dare in an gama aiki, sai shi da mataimakansa biyu, Dakta George Keith da Dakta Matthews Duncan, su zauna a ɗakin cin abinci na gidansa mai lamba 52 a titin Queen Street, su zuba magunguna iri iri a tambulan suna shaƙa. Wannan ganganci ne ƙwarai, kada wani ɗalibin kimiyya a cikinku ya ce zai kwaikwaya.

Wani mai haɗa magunguna a Libaful, David Waldie, ya ba shi shawara ya gwada wani ruwa mai nauyi mai ƙanshi, wai shi kulorofom. Ba Simpson ya ƙago shi ba, tun 1831 masana suka haɗa shi a Amurka da Faransa da Jamus. Ran 4 ga watan Nuwamba, 1847, da dare, suka zuba suka shaƙa. Da fari sai suka ji nishaɗi, suka yi ta surutu da ƙarfi, can sai aka ji rigijib. Da Simpson ya farka sai ya gan shi a ƙasa, Duncan yana minshari, Keith yana shure-shure ƙarƙashin tebur. Da maganin ya fi haka yawa kaɗan, da nan labarin ya ƙare.

Cikin 'yan kwanaki ya gwada shi ga matar wani likita wadda haihuwarta ta baya ta wahalar da ita ƙwarai. Ya ɗiga shi a hankici ya kara mata a hanci, ta haifi 'ya mace tana barci, har da ta farka da ƙyar aka shawo kanta ta yarda an haihu. Ran 10 ga Nuwamba ya bayyana wa taron likitocin Edinbara. A watan nan kuma aka yi wa wani yaro ɗan shekara huɗu ko biyar fiɗa a hannu a babban asibitin garin. Yaron daga ƙasar duwatsu ya fito, ba ya jin Turanci sai harshen ƙauyensu, babu yadda za a lallashe shi da baki. Aka sa masa hankicin nan, aka cire ruɓaɓɓen ƙashi, ya farka lafiya. Da na karanta wannan sai na tuna da matanmu a asibitocin kudu, waɗanda tsoro ke ninka musu ciwo don ba su jin abin da ake faɗa a kansu.

Gardama

Ba a karɓi abin nan da hannu biyu ba. Waɗansu suka ce Attaura ta nuna zafin haihuwa hukunci ne bisa mace, bai kamata a ɗauke shi ba. A watan Disamba, 1847, Simpson ya buga wani ɗan littafi yana amsa musu, ya kuma tuna musu cewa a littafin nan nasu an ce sai da aka sa wa Annabi Adamu barci mai nauyi kafin a ɗauki haƙarƙarinsa. Amma masu binciken tarihi na baya sun gano cewa malaman addinin da suka yi suka ba su da yawa. Mafi yawan masu gardamar likitoci ne 'yan'uwansa. Babbansu shi ne Charles Meigs na Filadelfiya, wanda yake ganin zafin naƙuda abu ne na halitta mai amfani, kuma ba daidai ba ne a sa ran mace cikin haɗari don a kau da ciwon da ba ya kisa.

Gaskiya kuwa akwai haɗarin. Ran 28 ga watan Janairu, 1848, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener ta mutu kusa da Niyukasil ana shaƙa mata kulorofom don a cire mata farcen ƙafa kawai. Simpson ya ƙi yarda maganinsa ne, ya ce ruwa da barasar da aka ɗura mata don ta farfaɗo su suka shaƙe ta. Wani likitan Landan, John Snow, ya ce a'a, maganin ne ya yi yawa. Snow mutum ne mai natsuwa da son awo, shi ya ƙera na'urar da ke auna yawan tururin da mutum ke shaƙa. Daga baya an tabbatar kulorofom yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya, yana kuma lalata hanta, shi ya sa yau an daina ba mutane shi. A wannan batu Simpson bai yi daidai ba, son abin da ya kawo ya rufe masa ido.

Abin da ya kashe bakin masu suka shi ne haihuwar Sarauniya Biktoriya ta takwas. Ran 7 ga watan Afrilu, 1853, John Snow ya riƙa ɗiga mata kulorofom kaɗan kaɗan a hankici har ta haifi Yarima Leopold. Wata babbar mujallar likitoci ta yi suka, amma a 1857 Sarauniya ta sake nema wajen haihuwar autarta Beatrice. Daga nan fa sai matan Ingila suka ce abin da Sarauniya ta yi ba zai zama abin kunya gare su ba.

Sauran ayyukansa da kurakuransa

Ba maganin barci kaɗai aka san shi da shi ba. Ya gyara wani irin awartaki mai kama da manyan cokula biyu, wanda ake kama kan jariri da shi a taimaka masa ya fito, har yanzu da sunansa ake kiran wannan iri. A 1849 ya gwada wani ƙoƙo mai zuƙo wanda ake manna wa kan jariri a jawo shi. Nasa bai yi ƙarko ba, sai bayan shekara ɗari wani likitan Suwidin, Malmström, ya kyautata shi ya zama abin da ake aiki da shi yanzu. Ya kuma yarda cewa zazzaɓin jego, wanda ke kashe masu haihuwa, a hannun likita da ungozoma yake tafiya daga wannan mace zuwa waccan.

A ƙarshen rayuwarsa ya tattara lissafin mutanen da aka yanke wa hannu ko ƙafa. Cikin 2,089 da aka yi wa a manyan asibitoci 855 suka mutu, cikin 2,098 da aka yi wa a ƙauyuka kuwa 226 ne suka mutu. Da wannan ya nuna cunkoso da ƙazantar asibitocin zamanin suna kisa. Amma abin mamaki, da Joseph Lister ya fito a 1867 da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa, sai Simpson ya zama cikin manyan masu sukarsa, don yana da wata dabara tasa ta tsayar da jini da allura wadda yake so a bi. Nan ma lokaci ya ba Lister gaskiya. Na faɗi wannan ne don mu gane babban mutum ma yana kuskure, kuma wanda ya sha gardama a kan sabon abu yana iya zama mai gardama in sabon abin daga wani ya fito.

Ta wajen hali kuwa, an shaide shi da sakin fuska da kyauta. Gidansa kullum cike yake da baƙi da marasa lafiya, matan sarakuna da matan talakawa. Ya goyi bayan mata su koyi likita a lokacin da ake yi wa wannan dariya, har ya ɗauki Dakta Emily Blackwell ta yi aiki tare da shi a 1854. A 1866 aka ba shi sarautar Sa irin wadda ake gada, amma ba a yi kwana nawa ba babban ɗansa David, wanda shi ma likita ne, ya rasu, 'yarsa Jessie ta bi shi ba da jimawa ba. Cikin 'ya'yansa tara, biyar sun riga shi. Ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu a gidansa ran 6 ga watan Mayu, 1870, yana da shekara 58. Aka nemi a binne shi a Westminster tare da manyan Ingila, iyalinsa suka zaɓi maƙabartar Warriston a Edinbara, kusa da 'ya'yansa. Ran jana'izarsa aka rufe Jami'a da kantuna, dubban mutane suka cika tituna. A 1879 aka buɗe asibitin haihuwa da sunansa a garin.

Abin da ya biyo baya

Kada a ɗauka Simpson ya gama aikin. A zamaninsa in aka tsaga mace don a ciro ɗa, galibi mutuwa take yi, ko da ba ta ji zafi ba, saboda zubar jini da ruɓar ciki. Sai da aka haɗa abu uku: barci, da tsabta irin ta Lister, da ɗinke mahaifa, wanda Max Sänger na Jamus ya yaɗa a 1882. A 1926 Munro Kerr na Gilasgo ya yaɗa yanka ta ƙasan mahaifa a gicciye, wanda ya fi saurin warkewa, shi ake yi yanzu. Allurar gadon baya kuwa August Bier ya fara ta a Jamus a 1898, a 1900 Oskar Kreis ya gwada ta ga masu naƙuda a Suwizalan. Ita ce aka yi wa ƙanwata. Tana kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa na 'yan sa'o'i, mace tana farke, sa'an nan jiki ya dawo.

Kada kuma a ɗauka wannan ilmi na Turawa ne su kaɗai. Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayan aikin fiɗa da na haihuwa a littafinsa, likitocin Larabawa kuwa sun daɗe da sanin banju. A 1879 wani Bature mai suna Robert Felkin ya gani da idonsa a Kahura, cikin ƙasar Yuganda, yadda wani mai maganin gargajiya ya shayar da mai naƙuda giyar ayaba, ya wanke hannunsa da cikinta da ita, ya tsaga ya ciro ɗa, ya kame wurin da allurai na ƙarfe, uwa da ɗa suka rayu. A Edinbara ya ba da wannan labari a 1884.

Garin Simpson ma yana da alaƙa da inda aka haife ni. Dakta William Baikie, wanda ya koyi likita a Edinbara, shi ya hau Kwara da Binuwai a 1854, ya dawo a 1857 tare da Samuel Ajayi Crowther suka kafa mishan a Anacha. Ya zauna Lakwaja, ya koyi Hausa, ya je har Kano a 1862. Daga aikin mishan ɗin nan ne asibitin Iyi-Enu ya fito kusa da Anacha a 1907.

Mu fa?

Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema a ƙasar Ribas, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya tarar mafi yawan matan da suka mutu su ne waɗanda ba su zuwa awo, waɗanda ba a kawo su sai abu ya ɓaci, ya kuma nuna ilmin mata yana cikin manyan magungunan abin. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Fatakwal daga 1989 zuwa 1992. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa 3 cikin 100 kaɗai ake yi ta fiɗa a Nijeriya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 mutuwar uwa da jariri tana raguwa in adadin ya hau zuwa wajen 10 cikin 100. Tsakanin 3 da 10 ɗin nan akwai ɗan ƙanwata. Akwai kuma matan da doguwar naƙuda ko yankan gishiri ya bar su da yoyon fitsari, waɗanda ake yi wa gyara a Babbar Ruga ta Katsina da Kano da Abakaliki.

Mu Hausawa muna yabon mace mai cije baki wajen haihuwa, ba na kuwa raina wannan jarunta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar da ta hana yarinya faɗin naƙuda ta zo, da tsoron da ya hana namiji sa hannu a takarda, su suka fi cin rai a unguwanninmu. Abin da Simpson ya tsaya a kai shi ne, zafin mace abin kulawa ne, ba abin da za a tsaya ana kallo ba, kuma neman sauƙi ba ya rage mata daraja.

Ya ku ɗalibai, gobe za a rarraba ku makarantu, waɗansunku ƙauyukan arewa, waɗansu makarantun unguwannin Hausawa na kudu. A wurare da yawa malamin makaranta shi ne mai karanta takarda, shi ne tafinta, shi ake tasa tsakar dare. Saboda haka ga roƙona. Ku gaya wa magidanta su bar matansu su je awo, in za su yi tafiya kuma su bar izini da kuɗin mota a hannun wani amintacce. Ku sanar da mutane cewa naƙudar da ta wuce yini ko kwana, ko zubar jini, ko jijjiga, ba abin jira ba ne. Ku bayyana musu cewa wadda aka yi wa fiɗa sau ɗaya tana iya sake haihuwa, wani lokaci ma da kanta, amma lalle a asibiti. In aka nemi jini ku fara miƙa hannu. Ku kuma riƙe 'yan matan ajinku da kyau, gama daga cikinsu ne za a sami ungozoma da likitar da za ta yi wa mai naƙuda bayani da harshenta.

'Yar ƙanwata yanzu tana makaranta, kullum in na je Fatakwal ita ke fara fitowa tarona. Uwarta ba ta taɓa tuna mini da sa'o'in nan uku ba, ni ne dai ban manta ba. In aka miƙo wa ɗayanku irin takardar nan, ya tambayi likita abin da bai gane ba, sa'an nan ya sa hannu da wuri. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa. Wassalam.